Ina takin yuriya ke tafiya? Asarar naitirojin a gonakin alkama da illarta ga ƙasa

Da zarar hunturu ya kankama a tsakiyar watan Nuwamba, manoman rani a Kadawa da Kura cikin Jihar Kano, da na kwarin Haɗeja a Jigawa, da na Bakolori a Zamfara, da na gaɓar Tafkin Chadi a Borno, kan duƙufa wajen shuka alkama. Takin zamani na daga cikin abubuwan da suka fi cin kuɗin waɗannan manoma, kuma da yawansu sai sun sayar da dabba ko sun ci bashi kafin buhu ya shiga gona. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne, ba duk takin da aka watsa ne ke isa ga alkamar ba. Wani kaso nasa kan tashi sama, wani ya bi ruwa ya nutse, wani kuma ya bar wa ƙasar tsamin da zai dame ta shekaru masu zuwa.

Batun ya wuce gonar mutum ɗaya. Najeriya na cin miliyoyin tan na alkama duk shekara a burodi da taliya da gurasa da alkaki da funkaso, amma kusan dukkanta daga waje ake shigo da ita. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar kan noman alkama na shekarar 2021 ta nuna cewa abin da aka noma a cikin gida bai wuce kimanin tan 37,000 ba. Gwamnatoci sun sha yunƙurin sauya wannan hali, tun daga haramta shigo da alkama a 1987 har zuwa shirin noman alkama na rani da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a Jihar Jigawa cikin watan Nuwamba 2023, inda aka ba manoma iri da taki a kan farashi mai rangwame. Duk wani tallafi irin wannan zai amfana ne gwargwadon takin da ya tsaya a gona.

Abin da ke cikin buhu

Sinadarin da alkama ta fi buƙata daga ƙasa shi ne naitirojin. Da shi take gina koren ganyen da ke sarrafa hasken rana, da shi take fitar da 'ya'ya daga gindi, kuma shi ne tushen furotin ɗin da ke sa ƙullun burodi ya yi danƙo ya tashi. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma alkama ba ta iya ɗaukarsa daga iska. Sai a 1909 ne masanin kimiyya Bajamushe Fritz Haber ya gano hanyar haɗa naitirojin na iska da haidirojin a samar da amoniya, daga baya Carl Bosch ya mayar da hanyar ta masana'anta a 1913. Har yau ta wannan hanya ake yin yuriya, ana amfani da iskar gas, shi ya sa farashin taki ke bin farashin gas kamar yadda aka gani a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren.

Najeriya na da manyan masana'antun yuriya, da suka haɗa da Indorama a Eleme da Notore a Onne, dukkansu a Jihar Ribas, da kuma masana'antar Dangote da ke Lekki a Legas, wadda aka buɗe a watan Maris 2022 da ƙarfin samar da tan miliyan uku a shekara.

Yuriya na ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin 100, wato kowane buhu mai kilo 50 na da kilo 23 na naitirojin. Buhun kamfa mai lamba 15:15:15 na da kilo bakwai da rabi, mai lamba 20:10:10 kuwa kilo 10. Shawarar da aka saba ba manoman alkamar rani ita ce kilo 100 zuwa 120 na naitirojin a kowace hekta. Da a ce da yuriya kaɗai za a cika kilo 120, da sai an zuba buhu biyar da ɗan ɗoriya.

A 1999 wasu masana biyu na Jami'ar Jihar Oklahoma da ke Amurka, William Raun da Gordon Johnson, sun yi lissafin cewa kimanin kashi 33 cikin 100 ne kawai na naitirojin ɗin da ake zuba wa hatsi a duniya ke dawowa cikin ƙwayar da aka girbe. Wannan ba ya nufin ragowar ta salwanta gaba ɗaya, domin wani kaso na cikin kara da saiwa, wani kuma ƙwayoyin halittar ƙasa sun riƙe shi na ɗan lokaci. Sai dai kaso mai tsoka kan fice daga gona, kuma ta ƙofofi huɗu yake fita.

Ƙofa ta farko: tashi sama

Idan ƙwayar yuriya ta faɗa kan ƙasa mai danshi, takan narke. Akwai wani sinadari mai suna yuriyes da ƙwayoyin halittar ƙasa ke samarwa, wanda cikin 'yan kwanaki yake warware yuriyar ta koma amoniyam. A yayin wannan sauyi, ɗan wurin da ke kewaye da ƙwayar takin kan koma mai kanwa-kanwa, kuma a irin wannan yanayi amoniyam na rikiɗewa ya zama iskar amoniya. In abin ya faru a cikin ƙasa, ƙasar kan cafke iskar ta riƙe. In kuwa a sarari ya faru, sai ta tashi. Manomin da ya taɓa jin wani wari mai yaji a hanci kwana biyu ko uku bayan ya watsa taki, to ƙanshin kuɗinsa ya ji yana tafiya.

Abubuwan da ke ƙara wannan asara sanannu ne: zafi, da iska mai kaɗawa, da ƙasa mai kanwa, da ƙasa mai rairayi wadda ba ta da ƙarfin riƙe sinadari, da kuma ƙasa mai ɗan danshi da ke kan bushewa. A nan ne wata al'ada da ta yaɗu ke jawo hasara. Manomi ya gama ban ruwa, washegari ya bi fangali yana watsa yuriya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, sa'an nan ruwa na gaba sai bayan mako guda. Danshin ya isa ya narkar da takin, amma bai isa ya shigar da shi ciki ba, ga kuma busasshiyar iskar hunturu na kaɗawa dare da rana. A irin wannan hali, asarar na iya kai kashi ɗaya bisa huɗu ko ɗaya bisa uku na abin da aka zuba. Raɓar safiya ma kan yi irin wannan aiki. Baƙar lakar yankin Tafkin Chadi, wadda ake kira firki, na daga cikin ƙasashen da ke da yanayin kanwa, don haka barin yuriya a samanta na da haɗari.

Ƙofa ta biyu: bin ruwa zuwa ƙarƙashi

Amoniyam ɗin da ya tsira a cikin ƙasa ba ya daɗewa a haka. Wasu nau'o'in bakteriya kan mayar da shi naitiret cikin mako ɗaya zuwa uku idan akwai ɗumi da danshi. Alkama na shan naitiret sosai, amma matsalar ita ce ƙasa ba ta riƙe shi. Amoniyam na manne wa laka kamar yadda ƙarfe ke manne wa maganaɗisu, shi kuwa naitiret duk inda ruwa ya nufa nan ya nufa.

Saboda haka, duk ruwan da ya wuce abin da ƙasa za ta iya riƙewa, zai gangara ƙasa da saiwa ɗauke da naitiret. Wannan ya fi tsanani a jigawa da gonaki masu yashi, da kuma wuraren da ake cika fangali maƙil saboda ba a san ranar da ruwa zai sake zuwa daga madatsa ba. Ya kuma fi muni a makonni ukun farko, lokacin da saiwar alkama ba ta yi nisa ba kuma buƙatarta ba ta da yawa. Manomin da ya juye dukkan takinsa ranar shuka ya ajiye wa jariri abincin ƙato, kafin ya girma ruwa ya tafi da shi.

Ƙofa ta uku da ta huɗu: kwantaccen ruwa da wuta

Idan ruwa ya kwanta a gona har iska ta ƙare a cikin ƙasa, wasu bakteriya kan koma amfani da naitiret a madadin iskar shaƙa. Ta haka suke mayar da shi iskar naitirojin da kuma wata iska mai suna naitiros oksaid, duk su tashi sama. Wannan na faruwa a ƙasa mai laka, da gonar da ba a baje ta daidai ba, da inda magudanan ruwa suka toshe. Alkama dama ba ta jure tsayuwar ruwa kamar shinkafa, don haka asarar kan zo biyu: taki ya tafi, saiwa kuma ta shaƙe.

Ƙofa ta huɗu ta haɗa da ruwan da ke malala daga gona zuwa magudana ɗauke da narkakken taki, da kuma ƙona kara bayan girbi. Wuta kan bar toka mai ɗauke da wasu sinadarai irin su fotash, amma kusan dukkan naitirojin ɗin da ke cikin karan yakan bi hayaƙi.

Abin da alkama ke nunawa

Alkamar da ta rasa naitirojin ba ta ɓoyewa. Tsofaffin ganyayen ƙasa ne ke fara yin rawaya daga tsini, domin shukar na kwashe ɗan abin da ke cikinsu ta kai wa sabbin ganye. Gona takan yi fari-fari, tsiron ya tsumbure, 'ya'yan da ke fita daga gindi su ragu. Da yake tun shukar na ƙarama ake ƙayyade yawan zangarniya da girmanta, yunwar da ta same ta tsakanin mako na uku da na shida ba ta gyaruwa gaba ɗaya ko da an ƙara taki daga baya. Idan kuma ƙarancin ya zo ne a ƙarshe, ƙwayar kan fito da ƙarancin furotin, abin da ke rage mata daraja a wajen kamfanonin fulawa, waɗanda ke neman alkamar burodi mai furotin wajen kashi 11 zuwa 13 cikin 100.

Ana iya auna girman asarar da ɗan lissafi. Alkama na shan kimanin kilo 25 zuwa 30 na naitirojin kafin ta samar da tan ɗaya na ƙwaya tare da karanta. Idan manomi ya zuba kilo 120 a hekta, kashi ɗaya bisa huɗu ya tashi sama, ya rasa kilo 30 ke nan. Wannan ya haura buhun yuriya guda, kuma ya yi daidai da abincin da zai iya samar da kusan buhu goma na alkama masu kilo 100.

Wasu manoman, da suka ga gona ba ta amsa ba, sai su ƙara taki a kan taki. Yawan naitirojin kan sa alkama ta yi tsawo da laushin kara har ta kwanta idan iska ta kaɗa bayan ban ruwa. Yakan jawo cututtukan ganye da kwarkwatar amfani, ya kuma jinkirta nuna. A arewacin Najeriya jinkiri babban haɗari ne, domin alkamar da zafin watan Maris ya riska tana cikin cika ƙwaya, ƙwayarta kan motse.

Tabon da ake bar wa ƙasa

Illar da ta fi daɗewa ita ce wadda ba a gani a kaka ɗaya. Duk lokacin da amoniyam ya koma naitiret, ana sakin tsami a cikin ƙasa. Idan shuka ta sha naitiret ɗin, takan rage wani ɓangare na tsamin. Idan kuwa ruwa ya tafi da shi, tsamin ya zauna, kuma naitiret ɗin ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja kalsiyam da maganiziyam da fotash su tafi tare. A lissafin masana kimiyyar ƙasa, kowane kilo ɗaya na naitirojin daga yuriya na buƙatar kimanin kilo 1.8 na farar ƙasar noma domin a kashe tsaminsa, wato kusan kilo 41 ga kowane buhu. Takin amoniyam salfet ya ninka haka kusan sau uku.

Idan ma'aunin pH na ƙasa ya sauka ƙasa da 5.5, sinadarin alminiyam kan narke ya riƙa ƙona bakin saiwa, fosfaras kuma ya ɗaure yadda shuka ba za ta iya shansa ba. Daga nan ne manomi ke fara cewa gonarsa ta gaji, ko taki ya daina aiki. Yawancin ƙasar savana ta arewacin Najeriya mai yashi ce, kuma ruɓaɓɓen abin da ke cikinta kaɗan ne, don haka ba ta da garkuwar da za ta jure wannan sauyi na tsawon lokaci.

Gwaje-gwaje biyu masu dogon tarihi sun tabbatar da haka. A tashar bincike ta Rothamsted da ke Ingila, John Lawes da Henry Gilbert sun fara noman alkama a fili ɗaya tun 1843, kuma har yau ana ci gaba. Ɓangaren da ba a taɓa sa wa taki ba na ba da kimanin tan ɗaya a hekta, yayin da ɓangarorin da ake ciyarwa yadda ya kamata ke ninka haka sau da yawa. Gwajin ya kuma nuna cewa da zarar an zuba naitirojin fiye da abin da alkama za ta iya sha, naitiret ɗin da ke fita ta magudanan ƙarƙashin ƙasa kan ƙaru sosai. A nan gida, filin gwajin da aka kafa a Samaru ta Zariya tun 1950, wanda ke ƙarƙashin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, ya nuna cewa ci gaba da zuba takin naitirojin kaɗai na ƙara wa ƙasa tsami, alhali haɗa shi da takin shanu na kare lafiyarta.

Abin da ya bar gona kuma bai ɓace ba. Naitiret na shiga rijiyoyi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 a kowace lita ta ruwan sha, musamman don kare jarirai, waɗanda yawansa ke hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata. A koguna da magudanai yakan ciyar da gansakuka da ciyayin ruwa su toshe hanya. Ita kuwa naitiros oksaid, ƙarfinta wajen ɗumama duniya ya ninka na iskar kabon kusan sau 273 a tsawon shekara 100, kamar yadda kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a rahotonsa na 2021.

Yadda za a toshe ƙofofin

Maganin ba shi ne a daina sa taki ba. Matsalar yawancin gonakin Afirka ita ce ana cire musu fiye da abin da ake mayarwa, shi ya sa taron shugabannin Afirka da aka yi a Abuja a 2006 ya sa burin ɗaga amfani da taki daga kimanin kilo 8 zuwa kilo 50 na sinadari a hekta. Abin da ake nema shi ne ɗan abin da aka samu ya tsaya inda aka sa shi, kuma yawancin matakan ba sa buƙatar ƙarin kuɗi.

Na farko shi ne raba takin. A sa kamfa lokacin gyaran ƙasa a gauraya shi da ita, sa'an nan a raba yuriya gida biyu: kashi ɗaya wajen mako uku bayan shuka, lokacin da alkama ke fitar da sabbin saiwoyi da 'ya'ya, ɗayan kuma lokacin da kara ya fara yin gaɓa, wajen mako na shida. A gona mai yashi raba shi ya fi zama dole.

Na biyu shi ne tsarin taki da ruwa. A watsa yuriya a kan busasshiyar ƙasa, da yamma ko da safe bayan raɓa ta bushe, sa'an nan a bi ta da ban ruwa matsakaici a ranar. Ruwan da ya kai kimanin milimita 12 zuwa 15 ya isa ya shigar da ita ciki. Inda aka shuka alkama a layi, a tsaga ƙasa a gefen layin a zuba a rufe, ba tare da takin ya taɓa iri ko gindin tsiro ba. Baje gona daidai da share magudana na hana ruwa kwanciya a wani sashe yayin da wani sashen ke bushe.

Na uku shi ne ciyar da ƙasar kanta. Takin dabbobi da ya ruɓe sosai na ƙara wa ƙasa ƙarfin riƙe ruwa da sinadari, amma shi ma in aka bar shi tsibi a rana naitirojin ɗinsa na tashi, don haka a rufe shi a kuma gauraya shi da ƙasa. Shuka wake ko gyaɗa ko waken soya da damina kafin alkamar rani na barin wani abu a ƙasa, domin ƙululun da ke saiwarsu na kama naitirojin daga iska. Manoman ƙasar Hausa sun daɗe da sanin cewa amfanin da ke ƙarƙashin gawo ya fi kyau, kuma dalilin ke nan. Haka nan naitirojin ba ya aiki shi kaɗai: in babu isasshen fosfaras da fotash da salfa, alkama ba za ta iya shan abin da aka ba ta ba.

Na huɗu ya shafi masana'antu da hukumomi. Akwai yuriyar da ake shafa wa sinadarin da ke jinkirta warwarewarta, ta yadda za ta jira ruwa na wasu kwanaki. A 2015 ƙasar Indiya ta wajabta shafa man darbejiya a kan yuriyar da ake sayar wa manomanta, domin yana rage saurin komawarta naitiret, kuma wannan bishiya ce da ke cike da garuruwan arewacin Najeriya. Gwajin ƙasa kafin shuka, da ƙarin malaman gona, da sakin ruwan madatsai bisa jadawalin da manomi zai iya dogara da shi, duk suna cikin maganin. Isar taki a kan lokaci ma haka, domin alkamar da aka shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ce ke cin moriyar sanyi, kuma takin da ya iso bayan zangarniya ta fito ya makara.

Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda ke da alhakin binciken alkama a ƙasar nan, ta fitar da irin alkama masu jure zafi da ke iya ba da tan huɗu zuwa sama a hekta idan an kula da su. Tazarar da ke tsakanin wannan da abin da yawancin manoma ke girba tana da dalilai da dama, kuma takin da ke zurarewa na cikinsu. A 2019 wasu ƙasashe sun amince da Sanarwar Kolombo, wadda ta sa burin rage asarar naitirojin da rabi kafin shekarar 2030. Ga manomin Kadawa ko Auyo, wannan buri na farawa ne daga ranar da ya buɗe buhu: ya duba ko ƙasa ta bushe, ya tabbatar ruwa na nan, ya zuba rabi, ya ajiye rabi zuwa mako na shida.